Na Ba Shi Izinin Zubawa, Na Hana Shi Gani

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ku masu biye da ni, musamman baiwar Allahn da ta rubuto cewa in daina kewaye-kewaye, in faɗi ko ina son mutumin nan ko ba na so. 'Yar'uwa, ki yi mini uzuri. Ni kaina sai a makon da zan ba ku labarinsa na samu amsar, kuma ba ta ƙofar da na zata ta shigo ba.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Ruwaida, haifaffiyar Tambuwal. Na karanci ilimin kwamfuta a Sakkwato, na dawo gida na kama sana'ar da ba ta cikin abin da aka koya mana, wato ɗaukar hoton mata a wurin biki. Ba hoton ƙofar gida nake nufi ba. Na cikin gida, ranar sa lalle da ranar kamu, lokacin da aka tura ƙyaure aka rataye mayafai a igiya, matar da ba a taɓa jin muryarta a titi ba ta ɗaura gyale a ƙugu ta shiga fili. Suna sakin jiki da ni ne saboda alkawarin da nake yi kafin in ɗaga kyamara: idon namiji ba zai sauka a kan hoton nan ba, sai in mai hoton ce ta nuna wa mijinta da hannunta.

Ba na barin hotunan a waya. Waya tana ɓata, kuma kowa ya san yadda ake aronta da sunan yin kira. Wurin ajiya nake haya a intanet, a wajen wani kamfani da ke kiran kowace ma'ajiya da sunan bokiti. Ranar da na gaya wa Inna, mahaifiyata, sai da ta ajiye muciya don dariya.

"Duk karatun da kika yi, a tsaron bokiti ya ƙare?"

Ita ta sauya masa suna ya koma rumbu, kuma sunan ya fi dacewa. Rumbun yana da jerin izininsa, kowane hoto da ke ciki ma yana da nasa. A jerin ake sa sunan wanda aka yarda wa, da iyakar abin da aka yarda masa. Wani a ba shi izinin zubawa, wani izinin gani. Akwai kuma cikakken iko, wanda mai shi ke iya sauya jerin kansa, ya buɗe wa wanda ya ga dama. Inna ta ce wannan ba sabon ilimi ba ne. A gidan kakanmu na Jabo, 'yan gayya kan ɗauko dammunan gero su miƙa a zuba, amma ba a taɓa samun wanda ya hau ya leƙa don ya ga inda hatsi ya kai ba. Leƙen rumbun wani rashin ta-ido ne.

To, bikin Hafiza ne ya jawo komai. Hafiza 'yar Gwaggo Hinde ce, ƙanwar mahaifina, don haka taubashiyata ce, kuma ba ta taɓa barin damar tsokanata ta wuce ta ba. A Kebbe aka kai ta. Ni na ɗauki ɓangaren mata a nan Tambuwal, ɓangaren maza kuwa Malam Sirajo ya ɗauka, aminin ango, malamin firamare a Kebbe mai taɓa hoto a ranakun hutu.

Mun fara haɗuwa da shi ne a wani biki a Dogon Daji, a bakin ƙofa, shi yana waje da kyamararsa, ni zan shiga da tawa. Ya matsa gefe, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, iyakata nan, sauran aikin naki ne." Tun daga ranar gaisuwa ba ta yanke ba. Bai taɓa furta zancen so ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai a gidanmu an riga an gama lissafi, har Gwaggo ta fara tambayar ko yana cin yaji.

Da yake albam ɗaya za a haɗa, na sa sunansa a jerin rumbuna, na ba shi izinin zubawa kaɗai. Washegarin ɗaurin aure saƙonsa ya shigo.

"Assalamu alaikum Malama. Na zuba hotunan maza duka, amma ba na ganin komai a ciki. Kamar mai jefa tsakuwa a rijiya."

"Wa alaikumus salam. Haka aka tsara, Malam. Izinin zubawa na ba ka."

"Na gani fa?"

"Yana wurin mai rumbu."

Ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye. Ni kuma na kifa wayar a kan katifa, na ci gaba da ninke kaya ina murmushin da ban san dalilinsa ba. Ko kuma na sani.

Ana cikin haka, ranar Talata da hantsi, sai ga Gwaggo Hinde ta yi sallama, sanye da ragowar ankon biki, atamfa ruwan ganye mai zanen fitila, mayafi a kafaɗa, lallen ƙafarta bai ko fara dushewa ba. Inna tana tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Gwaggo ba ta bari an gama gaisawa ba.

"Ke Ruwaida, mi ni ka ji? Surukaina na neman hotunan bikin ɗansu, an ce kin kulle?"

Ashe Anti Kulu, yayar ango, ita ta buga mata waya. So take Malam Sirajo ya haɗa albam ɗin a can Kebbe, maza da mata, tunda shi ne kusa da su.

"Gwaggo, ban hana su ba. Duk matar da ke son nata zan aika mata. Albam ma ni zan haɗa in kai masu. Malam Sirajo ne kawai ba zan buɗe wa ba."

"Sirajon? Wanga yaro da ko kai ba shi ɗagawa in shina gaida mutane?"

"Namiji ne, Gwaggo."

"Awo, namiji ne! Shi ya sa muke lallaɓa shi. Ke kin zaci irinsa a kasuwa ake auno su da tiya?"

Inna ta ƙunshe dariya a bayan faifai. Ni kuwa na ɗauko kwamfutata, na zauna kusa da Gwaggo a kan tabarma, na buɗe mata hoto ɗaya. Ita ce a tsakiyar fili ranar kamu, ɗankwali ya zame, kitson shuku a waje, zani a ƙirji, hannu ɗaya a sama, baki buɗe tana guɗa. Wallahi hoton ya yi kyau, ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin haka ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja mayafinta ta rufe kai, kamar hoton ne ke kallonta.

"Wanga ki goge shi. Sauran ki buɗe mai."

"Gwaggo, kowace mace a ciki tana da irin wannan."

"Ni dai na faɗa miki. In kika kunyata yaron ga gaban mutanensa ya janye jiki, kada ki zo mini da kuka. Sa'anninki duk sun yi ɗaki."

Na dubi Inna ko za ta tare mini. Ba ta ɗago ba. Cewa kawai ta yi, "Ki dai yi tunani, Ruwaida. Mutumin kirki ne." Wannan ya fi maganar Gwaggo nauyi a zuciyata, domin Inna ba ta cika sa baki a zancen aurena ba.

Kafin azahar amarya da kanta ta kira ni ta bidiyo, tana zaune a gefen sabon gadonta, ga jeren kwanuka a bayanta suna ƙyalli.

"Mai tsaron bokiti! Ki buɗe wa mijinki mana, ki bar wahalar da bawan Allah."

"Amaryar da ta yi rawa har takalmi ya tsinke ce ke magana?"

"Ke dai baƙin ciki kike, ba ki iya ba. Ji nan, na samo maku mafita." Hafiza tana da nata akawun a kamfanin, ni na buɗe mata don ta riƙa ganin hotunanta. "Na ga wani wuri a jerin an rubuta waɗanda aka tantance. Ki danna shi kawai. Ai mu ne aka tantance, dangi da surukai. Kin ga ba a ce ke kika ba Sirajo ba."

"Hafiza, ba dangi suke nufi ba. Duk wanda ya yi rajista da kamfanin ke nan, ko a wace ƙasa yake. Daga nan har birnin Sin."

Na ga idonta ya tafi can, na san takalmin nan ta tuna.

"Innalillahi. Kada ki taɓa shi, don girman Allah."

Bayan la'asar saƙon da nake tsoro ya iso. Ya rubuta shi da ladabi, kamar yadda ya saba.

"Malama, Anti Kulu ta matsa a kan albam. In babu damuwa, ki ba ni izinin gani na ɗan lokaci. Na yi alkawari ba zan tsaya kallo ba, jerawa kawai zan yi."

Masu karatu, na yarda da shi. Wannan shi ne abin da ya sa amsar ta yi wuya. Da mutumin banza ne, da kalma ɗaya ta isa. Amma matan nan ba da shi suka yi alkawari ba, da ni suka yi, kuma ban ce masu "sai dai in namijin mai kunya ne" ba. Na zauna a kan sallaya na ɗan jima, na roƙi Allah ya zaɓa mini abin da ya fi alheri, sannan na rubuta:

"Malam, ka gafarce ni. Ba don ina zarginka ba. Amana ce aka ba ni, kuma babu sunanka a cikinta. Zan haɗa albam ɗin da kaina in kawo."

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta fito ba. Na jira har aka kira magariba, shiru. Washegari gaisuwar safe da ba ta taɓa fashi ba ita ma ba ta zo ba. Na duba data, tana nan. Na kashe wayar na kunna. Har Inna na sa ta kira ni don in ji ko layina na shiga, ta kira tana dubana ta gefen ido.

Na ce to, aiki ya fi zaman jira. Na buɗe rumbu zan fara albam, na danna hoton farko na ɗaurin aure. Sai rubutu ya fito: ba ki da izini.

Na danna na biyu. Ba ki da izini.

A rumbuna! Wanda nake biyan hayarsa!

Sai a lokacin na tuna abin da na sani sarai amma hidimar biki ta mantar da ni. A tsarin da rumbuna yake kai, duk wanda ya zuba abu shi ne mai shi, ba mai rumbu ba. Hotunan maza na Malam Sirajo ne, jerin izininsu a hannunsa yake, kuma babu sunana a ciki, don ban gaya masa ya sa ni ba lokacin da yake zubawa. Ina ganin sunayensu a jere, ina iya share su ma in na so, amma ba ni da ikon buɗe ko ɗaya.

Da Gwaggo ta ji, har da tafi.

"Alhamdulillahi! Wanzami ba ya son jarfa. To sai ku yi musaya, ki buɗe mai shi buɗe miki, kowa ya huta."

Akwai hanyar da zan bi in mayar da duk abin da ke rumbun nawa ba tare da na tambayi kowa ba. Sai dai hanyar tana kashe jerin izini gaba ɗaya, har na amaren da na yi wa aiki a baya, sai na sake gina tsarin daga tushe. Ban da haka, zuciyata ba ta kwanta da in ƙwace abin da zan iya roƙa ba. Abin da nake tsoro ɗaya ne: in roƙa, ya faɗi irin maganar Gwaggo. In ya ce musaya, zan ce a'a, kuma na san daga wannan a'a ɗin babu sauran gaisuwar safe.

Ranar Alhamis Gwaggo za ta kai wa Hafiza sauran kayan gara, na ce zan raka ta. Na sa doguwar riga ruwan toka da farin hijabi, na cire, na sa ruwan ƙasa, na sake komawa ruwan tokar. Inna ta miƙo mini kwalbar humrarta ba tare da na tambaya ba. A mota Gwaggo ta riƙe ƙwaryar dubulan a cinya, tun daga Tambuwal har Kebbe tana koya mini yadda ake tausasa murya.

Mun gaisa da mutanen gida, na sha furar da aka dama mana, sai aka ce Malam Sirajo yana zaure yana sallama da mai hoto. Na fita da kwamfuta a hannu kamar garkuwa. Yana zaune a bakin tabarma cikin farin yadi, da alli a gefen hannun rigarsa, alamar daga makaranta yake. Na zauna a ɗaya bakin. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar damina.

Shi ya fara.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba, na ji haushi. Na ce ashe duk wanga lokaci ba a yarda da ni ba."

Na kafa ido a kan saƙar tabarma.

"Sai na kai ƙara wurin tsohuwata. Na ce ki ji abin da 'yar Tambuwal ta yi mini. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, 'Kai Sirajo, ka san ina cikin waɗanda suka je kamu?' Na ce na sani. Ta ce, 'Ka san na yi rawa?'" Ya shafa ƙeya. "Malama, ban taɓa sanin tsohuwata na rawa ba. Ta ce ba ta ajiye mayafinta ba sai da ta ji alkawarinki da kunnenta. Ta ce da kin buɗe mini, da ita da kanta za ta hana ni sake bin hanyar Tambuwal."

"To me ya hana ka amsa saƙona?"

"Kunya. Na rubuta na goge har wayar ta yi zafi."

Amma da sauran aiki. Na gyara zama na gaya masa abin da ya kawo ni, cewa hotunansa sun ƙi buɗuwa, sai ya sa sunana a jerinsu. Ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, sai ya fashe da dariya.

"Wato mai rumbu ce ke neman izini wurin ɗan gayya?"

"Haka Allah ya tsara."

Na jira kalmar musaya. Na riga na shirya amsata, tana bakina, mai ɗaci.

Sai ya ciro wayarsa. "Nuna mini inda ake dannawa."

Daga inda nake zaune na riƙa faɗa yana bi. Ya zaɓi hotunan duka, ya shiga jerin izini, ya sa sunana. Na ce ya danna gani, shi kaɗai ya ishe ni. Na duba kwamfutata don in tabbatar, sai na ga ba gani ya ba ni ba.

"Malam, ka yi kuskure. Cikakken iko ka danna. Da wannan zan iya buɗe wa wanda na so, in rufe wa wanda na so."

"Na iya karatu, Malama. Aji nake koyarwa."

"Me kake so a madadinsa?"

"Ba ciniki na zo ba." Ya mayar da wayar aljihu, ya sake sunkuyar da kai kamar ranar Dogon Daji. "Akwai dai wani izini da ni ka nema, amma ba a kwamfutarki yake ba. Wa ke riƙe da shi a gidanku?"

Duk karatuna ya gudu. Sai daga bayan labulen zauren muka ji murya, wadda ashe tun ɗazu tana nan tsaye:

"Baffanta Sama'ilu! Kullum bayan la'asar shina ƙofar gida, ba shi zuwa ko'ina!"

"Gwaggo!"

"Mi? Tambaya aka yi, na ba da amsa."

Albam ɗin na haɗa shi gida biyu, na maza daban, na mata daban, na miƙa na matan a hannun Hafiza. Anti Kulu ta ɗan yi ƙorafi, amma da ta ga nata hoton sai ta rungume albam ɗin ta shige ɗaki da shi. Hoton Gwaggo ban goge ba. Na wanke mata shi babba, yana ƙarƙashin akwatinta, kuma Inna ta ce ta kama ta tana kallonsa.

Ranar Asabar da yamma Baffa Sama'ilu, ƙanen mahaifina, ya shigo gidanmu da ledar goro a hannu. Ya zauna a kujerar tsakar gida, ya sa aka kira ni. Na durƙusa a gefe. Inna tana bakin murhu, ta juya mana baya, amma muciyarta ta daina motsi.

"Ruwaida, baƙi sun zo mini daga Kebbe. Suna nema wa ɗansu izinin zuwa ganinki. Na ce masu ni mai tsaron ƙofa ne, sai na ji daga ciki. Mi za a ce masu?"

Na kalli lallen hannuna, wanda ya fara komawa ja.

"A ba shi, Baffa."

"Madalla. To sun kuma taɓo zancen gaba, wai in an daidaita ba su son a ja lokaci. Shi fa?"

"Wannan yana wurin mai rumbu."

Baffa ya juya ya dubi Inna. "Wane rumbu kuma? Ni zancen aure nake yi."

Inna ta san ni ce mai rumbun, sai dariya ta ƙwace mata. Muciya ta riga ta faɗi a toka.